ZABIYANCI DA DANGOGINSA A CIKIN DABBOBI



Gabatarwa

Na san akwai waɗanda tun da suka ga sanarwar wannan lacca suke tambayar kansu, shin me ya haɗa malamin Hausa da launin dabbobi, alhali ga likitocin dabbobi da malaman kimiyya cike da jami'a? Tambayar tana bisa hanya. Amsar ita ce, kalma ce ta jawo ni cikin gonarsu, kuma kalmar ita ce "zabiya".

Bahaushe mutum ne mai lura da launin dabba ƙwarai da gaske. Duk wanda ya buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934, ko ya zauna da barayen sarki ranar hawan salla, zai ji sunayen launin doki iri-iri: akawal, da bikili, da kili, da hurde, da gunya, da danda. Amma idan aka haifi dabba fara fat a garken da ba a saba ganin fari ba, kalma ɗaya ce take zuwa bakin kowa, sai a ce zabiya ce. Daga nan kuma sai camfi ya biyo baya. Wani ya ce dabbar aljanu ce, wani ya ce alamar arziki ce, wani ya ce a yi maza a rabu da ita.

Abin da nake so in nuna a wannan maƙala shi ne, farin da ake gani a jikin dabbobi yana da hanyoyi daban-daban, kowace da dalilinta da illarta, kuma dukkansu gado ne mai bin ƙa'ida wadda ake iya lissafawa. Zan kuma ba da shawarar sunayen da za mu riƙa kiran waɗannan hanyoyi da su a Hausa, domin abin da harshe bai raɗa wa suna ba, da wuya masu harshen su rarrabe shi da waninsa.

Daga Ina Launi Yake Fitowa?

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Kafin mu san dalilin rashin launi, wajibi ne mu san yadda launin yake samuwa. Don sauƙin fahimta, bari mu ɗauki misalin karofi, irin na Ƙofar Mata a birnin Kano. Kafin farin ƙyalle ya zama baƙi, dole a sami abu uku: marinin da zai yi aikin, da baba, da kuma toka da katsi waɗanda za su sa babar ta kama. In ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓace, ƙyalle zai koma gida fari kamar yadda ya zo.

Haka al'amarin yake a jikin dabba. Rinin da ke ba fata da gashi da ido launi sunansa melanin, kuma iri biyu ne: akwai mai ba da baƙi ko ƙasa-ƙasa, akwai mai ba da ja ko rawaya. Baƙin akawal da jan akuyar Maraɗi duk daga waɗannan biyun suke. Akwai wasu ƙwayoyin halitta na musamman a cikin fata da gindin gashi da ido waɗanda aikinsu ke nan sarrafa wannan rini. Su ne a cikin misalinmu za mu kira marina. Babar da suke aiki da ita wani sinadari ne da ake kira tairosin, wanda jiki yake samu daga abinci. Tokar da take sa aikin ya kankama kuwa wani sinadari ne mai suna tairosines, wanda marinan da kansu suke haɗawa.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a riƙe, domin zai yi mana amfani nan gaba. Marinan nan ba a inda suke aiki aka halicce su ba. Tun dabba tana ɗan tayi suke tasowa daga gefen lakar gadon baya, sa'an nan su yi ƙaura su bazu cikin jiki, wasu su nufi kai, wasu ciki, wasu ƙafafu, wasu har cikin kunne. Ke nan tafiya ce mai nisa, kuma kamar kowace tafiya, ana iya makara, ana iya kasa isa.

Yadda Ake Gadon Launi

Kowane mataki na wannan aiki yana da umurnin da ke tafiyar da shi, rubutacce a cikin abin da za mu kira ƙwayar gado. Kowace dabba tana ɗauke da kofi biyu na kowace ƙwayar gado, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wanda ya fara gano ƙa'idar wannan gado shi ne Gregor Mendel, wani limamin Kirista a garin Brno, wanda ya yi shekaru yana gwaji da wake irin na Turai, ya buga sakamakonsa a 1866. Ba a kula da aikinsa ba sai a 1900. A 1902 wani Bafaranshe mai suna Lucien Cuenot ya gwada ƙa'idar a kan ɓeraye, ya haɗa farare masu jan ido da masu launin toka. 'Ya'yan farko duka suka fito masu launin toka. Da ya haɗa 'ya'yan nan da junansu, sai fari ya sake ɓullowa a cikin jikoki, kimanin ɗaya cikin kowane huɗu.

Bayanin wannan shi ne, wasu ƙwayoyin gado masu rinjaye ne, kofi ɗaya ya isa a ga aikinsu. Wasu kuwa masu laɓewa ne, ba a ganin aikinsu sai kofi biyu sun haɗu a jiki guda. Ƙwayar zabiya mai laɓewa ce. Dabbar da ke da kofi ɗaya lafiyayye da ɗaya gurɓatacce, launinta cikakke ne, ba mai iya gane ta da ido, amma tana ɗauke da abin a ɓoye. Idan irin waɗannan biyu suka haɗu, to, a kowace haihuwa rabon ya kasu huɗu: kashi ɗaya ɗan ya fito zabiya, kashi biyu ya fito da launi amma yana ɗauke da ƙwayar kamar iyayensa, kashi ɗaya ya fito ba ya ɗauke da kome. A lura, a kowace haihuwa lissafin sabo ne. Ana iya haihuwar zabiya biyu a jere, ana kuma iya haihuwar goma ba ko ɗaya. Waɗanda suka san yadda ake gadon amosanin jini, wato sikila, za su ga cewa ƙa'idar ɗaya ce.

Saboda haka idan baƙar akuya da baƙin bunsuru suka haifi farin ɗa, mutane suka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, amsar ita ce ta yi, sai dai halin ya daɗe kwance a ƙarƙashin ruwan. Wannan fahimta ba baƙuwa ba ce ga Musulmi. Ya zo a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito cewa wani Balaraben ƙauye ya zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana zargin matarsa domin ta haifi ɗan da launinsa ya saɓa wa nasa. Sai aka tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne. Aka tambaye shi ko akwai mai ruwan toka a cikinsu, ya ce akwai. Aka tambaye shi daga ina wannan ya samo launinsa, ya ce wataƙila wata jijiya ce ta kakanni ta fizgo shi. Sai aka nuna masa cewa ɗansa ma haka. Da launin dabba aka kashe zargin, aka tsirar da auren.

Hanya ta Farko: Zabiyanci

Hanya ta farko ita ce wadda marina suka iso wurin aikinsu lafiya, babar ma tana nan, amma rinin ya ƙi kamawa. Mafi tsananin irinta shi ne inda tairosines ya lalace gaba ɗaya. A nan babu melanin ko kaɗan a jiki: gashi fari, fata ja-ja, ido kuma ja. Jan idon nan ba wani launi ne na musamman ba, jinin da ke cikin ƙananan jijiyoyin ido ne ake hangowa, tun da babu rinin da zai rufe shi. Wannan shi ne zabiya na ainihi, kuma yanayin nasa ina ganin ya dace mu kira shi zabiyanci, bisa tsarin da muke bi a kalmomi irin su gurgunci da bebanci. Fararen ɓerayen da ɗaliban kimiyya suke gani a ɗakin gwaji irinsa ne. Wani shahararren jinsinsu an fara kiwonsa a Cibiyar Wistar da ke Filadelfiya ta Amurka tun 1906.

Sai dai tsuntsaye da macizai da kifaye suna da wasu rinin ban da melanin, don haka zabiyarsu ba lalle ne ya zama fari fat ba. Mesar Bama, in ta zama zabiya, baƙin zanenta ne yake ɓacewa, rawayan ya saura, sai ta fito fari da rawaya.

Akwai kuma zabiyancin da bai cika ba. Misali mai ban sha'awa shi ne kyanwar Siyam, wato ƙasar Tailan ta yau. Jikinta fari-fari ne, amma fuska da kunnuwa da ƙafafu da wutsiya baƙaƙe ne. Dalili shi ne tairosines ɗinta ba ya jure zafi, sai a sassan jiki masu ɗan sanyi yake aiki. 'Ya'yanta farare ake haihuwarsu, domin cikin mahaifa ko'ina da ɗumi, sai bayan kwanaki baƙin ya fara bayyana. Akwai wani jinsin zomo mai irin wannan hali, wanda masu bincike suka aske masa gashin baya suka ɗora ƙanƙara a wurin, gashin da ya tsiro ya fito baƙi. Wannan yana nuna mana cewa marinan suna nan a duk jikin, aikin ne kawai ya tsaya.

Wani lokaci kuma tokar lafiyarta lau, amma ramin karofin ne ya sami matsala, rinin ya fito tsarma-tsarma. Akwai wata ƙwayar gado da masana suka yi wa lamba SLC45A2, wadda labarinta ya isa a tsaya a kansa. A 1966 aka kama wani ɗan goggon biri fari a dajin Rio Muni, cikin ƙasar da yanzu ake kira Ikwatoriyal Gini, aka kai shi gidan namun daji na Barsalona a Sifaniya, inda ya zauna har ya mutu a 2003 bayan fama da sankarar fata. Gashinsa fari, idonsa shuɗi. Ya haifi 'ya'ya fiye da ashirin, ba fari ko ɗaya, kamar yadda ƙa'idar Mendel ta nuna zai faru in matan ba sa ɗauke da ƙwayar. A 2013 aka bincika ƙwayoyin gadonsa, aka tarar wannan ƙwaya ce ta gurɓace, aka kuma tarar iyayensa dangin juna ne na kusa. A shekarar nan dai aka gano cewa ita ce take sa taiga, wato babbar damisar Asiya mai ratsi-ratsi, ta fito fara da ratsinta baƙi-baƙi. Ita ce kuma take salwantar da launin doki: kofi ɗaya ya mai da jan doki ruwan zinariya, kofi biyu su mai da shi ruwan madara, da shuɗin ido da fata ja-ja. Tun da muna kiran doki mai ruwan madara gunya, ina ba da shawarar mu kira wannan salwantar launi gunyanci, mu ɗauke shi ƙanen zabiyanci.

Hanya ta Biyu: Dandanci

Hanya ta biyu ita ce wadda baba da toka duk suna nan, amma marinan ne ba su iso ba. Mun ce daga gadon baya suke tasowa. In suka yi ƙaranci, ko suka makara a hanya, wuraren da suka fi nisa su ne za su rasa: ƙafafu, da ciki, da ƙirji, da goshi, da bakin wutsiya. Ku duba dawaki da karnuka da kyanwoyi da shanun da kuka sani, za ku ga farin dabbare-dabbare a waɗannan wurare ya fi zama. Dokin da ke da irin wannan fari a wasu sassan jikinsa muna kiransa danda, saboda haka wannan hanya sai mu kira ta dandanci.

Dandanci yana iya zama ɗan fari a goshi, yana iya cin rabin jiki, yana kuma iya mamaye jiki duka har dabba ta fito fara sol. A nan ne ake rikita shi da zabiyanci. Abin da ke raba su shi ne ido. Wani sashe na rinin cikin ido ba daga marinan da suka yi ƙaura yake samuwa ba, a nan cikin idon ake yinsa, don haka irin wannan dabba idonta baƙi ne ko shuɗi, ba ja ba. Fararen raƙuman dawan da aka gani a yankin Garissa na Kenya a 2017, waɗanda hotunansu suka zaga duniya, idanunsu baƙaƙe ne; su ba zabiya ba ne a ma'anar da muka bayar.

Wannan hanya tana da nata haɗarin. Tun a 1859 Charles Darwin ya lura cewa fararen kyanwoyi masu shuɗin ido galibi kurame ne. Yau an san dalili: can cikin kunne akwai wurin da ba ya aiki sai da waɗannan marina, in ba su isa can ba, ji ya tafi. Haka ake samun kurumta da yawa a jinsin karen nan fari mai ɗigo-ɗigon baƙi da ake kira Dalmeshiyan. Mafi muni shi ne abin da ake gani a wani jinsin dawakin Amurka masu dabbare-dabbare. In ɗan doki ya gaji kofi biyu na wata ƙwaya, sai a haife shi fari fat, kyakkyawa, amma ya mutu cikin 'yan kwanaki, domin jijiyoyin da ke motsa hanji tare suke tasowa da marina daga gadon baya, kuma abin da ya tare waɗannan ya tare waɗancan.

Hanya ta Uku: Kilanci

Hanya ta uku ita ce wadda marina suka iso, suka yi aiki, amma suka ƙare da wuri. Duk wanda ya yi kiwon dawaki ya san cewa kili ba fari ake haihuwarsa ba. Baƙi ko ja yake fitowa, sa'an nan furfura ta fara masa tun yana ƙarami, sau da yawa ya ratsa ta matakin hurde mai tambari-tambari, har ya zo ya yi fari. In ka buɗa gashinsa za ka tarar fatar baƙa ce, idonsa ma baƙi. A 2008 masu bincike a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin suka gano ƙwayar gadon da ke jawo haka. Tana sa marinan su yi ta hayayyafa fiye da kima, waɗanda ke gindin gashi su ƙare tun da ƙuruciya. Ita kuwa mai rinjaye ce, kofi ɗaya ya isa, shi ya sa kowane kili dole uwarsa ko ubansa ya zama kili. Wannan hayayyafa tana da sakamako: mafi yawan kilin da suka haura shekara 15 suna fitar da baƙaƙen ƙulluwa na sankarar fata, musamman a ƙarƙashin wutsiya. Wannan hanya sunanta a bayyane yake, kilanci.

Farin da Ba Lalura Ba

Kafin mu wuce, ya kamata a ware wani fari dabam. Balbela fara ce, kuma duk danginta haka suke. Farar saniyar Fulani, wato bunaji, jikinta fari ne amma kunnuwanta da hancinta da kofatonta baƙaƙe ne, idonta baƙi. Tumakin balami farare ne, uda kuwa gabanta baƙi ko ja, bayanta fari. Waɗannan launuka ne da suka zauna a jinsin, wasu bisa halittarsu ta daji, wasu kuwa makiyaya ne suka yi ta zaɓe tsawon zamunna har suka tabbata. Kowa ya ga zabuwa, da zanenta ya gan ta. Kiran bunaji zabiya kuskure ne, domin kama da wane ba ta wane.

Abin da Rashin Launi Yake Jawowa

Melanin ba ado ne kawai ba. Da farko dai garkuwa ne daga wani ɓoyayyen haske mai ƙuna da ke cikin hasken rana. Fatar da ba ta da shi tana ƙonewa, kuma ƙunar yau da gobe ita ce take zama sankara. Na biyu, ido ba ya ginuwa daidai tun a ciki sai da shi. Shi ya sa zabiya, dabba ko mutum, yake fama da raunin gani, da rawar ido, da rashin jure haske. Ko kyanwar Siyam ma an san ta da harara-garke. Na uku, yana ƙarfafa gashin tsuntsu, fiffiken da ba shi da shi ya fi saurin cinyewa. Na huɗu, launi sutura ce a daji. Barewar da ta fito fara, zaki zai hango ta daga nesa; zakin da ya fito fari, barewa za ta hango shi.

Amma babban maƙiyin farar dabba shi ne ɗan Adam. A watan Maris na 2020 aka tsinci gawar biyu daga cikin fararen raƙuman dawan Kenya, uwa da ɗanta, mafarauta sun kashe su. Wani lokaci kuma ƙauna ce take cutar da su. A 1951 Sarkin Rewa a ƙasar Indiya ya kama wani farin ɗan taiga, ya sa masa suna Mohan. Da aka haɗa shi da mace mai launin da aka saba, 'ya'yan duka suka fito da launin uwarsu. Sai aka haɗa shi da 'yarsa, a 1958 ta haifi 'ya'ya huɗu farare. Daga wannan zuriya ne akasarin fararen taigar da ke gidajen namun daji na duniya suka fito, ta hanyar haɗa uba da 'ya, wa da ƙanwa, domin masu kallo su biya kuɗi. Sakamakon shi ne karkatar ido, da lanƙwasar ƙashin baya, da yawan mutuwar 'ya'ya. Haɗa dangi na kusa ba ya ƙirƙiro gurɓatacciyar ƙwaya, amma yana ƙara yiwuwar kofi biyu su haɗu, na fari da na sauran cututtukan da ke laɓe.

Darasin da Ke Ciki

To, jama'a, mene ne ribar sanin wannan duka? Ga malamin gona da malamin dabbobi, ribar a fili take. In makiyayi ya ce ɗan dabbarsa ya fito fari, sai a dubi ido, a dubi fata, a tambayi launin da aka haife shi da shi. Jan ido, zabiyanci ne, a nema masa inuwa. Fari sol da shuɗin ido, a gwada jinsa. Furfurar da ta zo daga baya, kilanci ne, a riƙa duba ƙarƙashin wutsiya in ya manyanta. In kuwa abin yana yawan maimaituwa a garke, lokaci ya yi da za a sauya rago ko bunsuru ko bijimi, a kawo na wani garken.

Akwai kuma darasin da ya fi wannan nauyi. Ƙa'idar da ta shafi ɓera da goggon biri ita ce ta shafi ɗan Adam. Tun a 1908 likitan nan na Ingila, Archibald Garrod, ya lissafa zabiyanci cikin lalurorin da ake haihuwar mutum da su saboda tsayawar wani mataki na aikin sinadaran jiki. Irin da ya fi yawa a Afirka kudu da Sahara ba ya kawar da rini gaba ɗaya, shi ya sa muke ganin gashin zabiyoyinmu rawaya-rawaya, idonsu ba ja ba. A 1975 likita A. N. Okoro ya buga binciken da ya yi a kan zabiya dubu ɗaya a Nijeriya, ya nuna irin ɓarnar da rana take yi wa fatarsu da wahalar da suke sha ta gani da ta zaman jama'a. A ƙasashe irin su Tanzaniya da Malawi camfi ya kai har ana kashe su don a yi tsafi da sassan jikinsu, abin da yana cikin dalilan da suka sa Majalisar Ɗinkin Duniya a 2014 ta keɓe ranar 13 ga Yuni ta kowace shekara don wayar da kai game da su.

Saboda haka, mai gidan da matarsa ta haifi zabiya, ya sani rabin abin daga jikinsa ya fito, babu dalilin zargi balle saki. Ba a ɗaukar zabiyanci ta cin abinci tare ko gaisawa, kuma bai taɓa hankali ko basira ba. Malamin makaranta ya zaunar da yaron a gaban aji kusa da allo, ya bar shi ya sa hula mai baki da riga mai dogon hannu ko da sun saɓa wa kayan makaranta, kada ya tsai da shi a rana da sunan horo. Shugaban ma'aikata kuma, in zai raba aiki, ya tuna cewa tura zabiya aikin da ake wuni a rana daidai yake da tura shi ga cuta.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa farin dabba yana zuwa ne ta ɗaya daga hanyoyi uku: ko rini ya ƙi kamawa, wato zabiyanci da ƙanensa gunyanci, ko marina su kasa isowa, wato dandanci, ko su ƙare da wuri, wato kilanci. Waɗannan sunaye shawara ce kawai na kawo. Ina roƙon malaman kimiyya su auna su, masu dawaki da makiyaya su gyara mini inda na kauce wa ma'anar da suka gada, ɗalibanmu kuma su shiga rugage da bargar sarakuna su tattaro sauran sunayen launi tun dattawan da suka san su suna raye. In mun yi haka, yaron da aka haifi farin ɗan akuya a gidansu zai sami kalmar da zai yi wa kakarsa bayani da ita, da harshen da take ji.